Dabbar Shekara da Katin Gaisuwa a Japan

A Japan kowace shekara da dabbarta, goma sha biyu ne suke karɓa-karɓa: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon tatsuniya da suke kira tatsu, maciji, doki, tunkiya, biri, zakara, kare da aladen daji. Daga Sin aka aro lissafin, amma Japanawa sun ɗan taɓa shi. Inda Sinawa ke da aladen gida su na daji suka sa, kuma tun da suka koma kalandar Turawa a 1873, ranar 1 ga Janairu dabbar ke canjawa, ba a jiran sabon wata.

Yawanci ado ne kawai, amma camfin da ke tattare da ita ya taɓa yin cizo. A 1966, shekarar "dokin wuta" da ke zagayowa sau ɗaya a shekara 60, haihuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, saboda an yi imani 'yar da aka haifa a cikinta za ta zame wa mijinta masifa. Ma'aurata da yawa suka ɗage haihuwa.

Inda dabbar ta fi fitowa shi ne a katin gaisuwar sabuwar shekara, nengajo. Tun 15 ga Disamba gidan waya ke fara karɓarsu, ya adana, sai safiyar 1 ga Janairu ma'aikaci ya zuba su a akwatin gida, dami guda ɗaure da roba. A jiki ga zanen dabbar, ga gaisuwar da kowa ya haddace ta murna da roƙon a ci gaba da mutunci bana, sannan layi ɗaya ko biyu da hannu. A ƙasa akwai lambar caca, wadda aka fara sawa a 1949. A 2003 an buga kati fiye da biliyan 4.

A ganina nauyin al'adar ba a zanen yake ba. Wanda aka yi wa rasuwa a shekarar ba ya gaisuwar murna. Tun Nuwamba yake aika wani kati marar ado yana ba da haƙuri, su kuma mutane su dakatar da nasu. Ta nan tsohon malami ko abokin aikin da aka rabu da shi shekaru aru-aru ke jin wa ya rasu. Ta katin murnar kuma ake sanin wa ya yi aure, wa ya tashi daga gidansa.

Yanzu katin na ja da baya. Kuɗin aika shi ya tashi daga yen 63 zuwa 85 a Oktoban 2024, matasa sun koma manhajar saƙon waya ta LINE, tsofaffi kuma na rubuta cewa daga bana sun daina. Dabbar ba ta yi asara ba, tana nan a hotunan waya. Zumuncin nesa ne ya yi asara, domin saƙon waya bai cika wuce waɗanda dama ake hira da su kullum ba.