Masu Zarya Tsakanin Kotu da Gidan Yari

Ranar zaɓen shugaban ƙasa, 25 ga Fabrairun 2023, aka kama Haruna Mohammed Salisu, mawallafin jaridar WikkiTimes ta Bauchi, yana bakin aiki a Duguri, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta ɗaga murya tun daga Amurka, kuma cikin 'yan kwanaki kotu ta ba da belinsa.

Jinjinata ta masu wahalar da ke tsakanin kamu da saki ce, a Bauchi da ko'ina aka rufe mai alƙalami. Akwai lauyan da ke bin fayil daga ofishin 'yan sanda zuwa gaban majistare, sau da yawa ba da ko sisi ba. Akwai mai tsaya wa mutum beli, ya sa hannu da sunansa da adireshin gidansa, alhali ya san idon masu mulki zai dawo kansa. Ga kuma mai kai kwanon tuwo ƙofar gidan yari, gandiroba ya ce sai ya ɗanɗana kafin a shigar, ya ɗanɗana, gobe ma ya dawo. Ni wannan na ƙarshen ya fi burge ni, domin babu jaridar da za ta buga sunansa.

Ba don su ba, da fayil ya kwanta a ƙasan durowa, jama'a su manta, sauran marubutan Bauchi kuma kowa ya ja bakinsa. Tun 1981 ƙungiyar marubuta ta PEN ke ware 15 ga Nuwamba don tunawa da marubutan da ke tsare. Su masu zaryar nan kuwa ranar zaman kotu suke lissafi.