Kiwon Macijin Masara da Aka Kamo a Daji

A kudu maso gabashin Amurka, daga Fulorida zuwa jihohin Karolina, akwai wani maciji mai launin ruwan goro da jajayen dabbare-dabbare, ana kiransa macijin masara. Ba ya cin masara, ɓerayen da ke ɓarna a rumbu ne ke kai shi can. Dafi ma ba shi da shi, nannaɗe abin da ya kama yake yi ya matse. Yawancin waɗanda ake kiwo a gida, a hannun mutane aka ƙyanƙyashe su. Wanda aka kamo a daji kuwa, sai gwani.

Gwani yakan fara da tantancewa, domin akwai wani mai dafi, kofahed, da ake rikita su. Na masara kansa siriri ne, ƙwayar idonsa zagayayya, cikinsa kuma murabba'ai ne fari da baƙi. Sai ya binciki doka: jihar Jojiya, alal misali, ta hana ajiye shi.

Daga nan sai keɓewa, wata biyu zuwa uku, nesa da sauran dabbobi. Akan shimfiɗa farar takarda a ƙasan akwatin da aka sa shi, kuma hikimar na birge ni: ƙananan ƙwari masu shan jini, masu ɓuya a ƙarƙashin ɓawon fatarsa, a kan fari ake hango su kamar garin barkono baƙi. Kashinsa na farko kuma likitan dabbobi ake kai wa, ya duba tsutsar ciki.

Maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi, don haka akwatin kashi biyu ne. Gefe ɗaya ana ɗumama shi zuwa wajen digiri 30, ɗayan a bar shi kusan 24, kowanne da maɓoya matsattsiya wadda za ta taɓa jikinsa. Shi zai riƙa zaɓa da kansa. Murfin dole a ɗaure shi, domin duk kafar da kansa ya shiga, jikinsa zai bi.

Wurin ciyarwa ne haƙuri ke bayyana. Mai gaggawa yakan jefa ɓera tun ranar farko, ya yi ta ɗaga macijin yana nuna wa abokai, sannan ya yi mamakin ƙin cinsa. Gwani mako guda yake yi bai taɓa shi ba, ruwa kawai yake sauyawa. Sai da magariba ya ɗauko mataccen ɓera da aka adana a firiza, ya narkar da shi a ruwan ɗumi, ya riƙe da dogon hantsaki, yana ɗan girgiza shi kamar mai rai. Kaurin ɓeran kada ya zarce na tsakiyar macijin da yawa. Idan ya ƙi, sai a goga wa ɓeran jikin ƙadangare, tunda ƙananan macizan masara da ƙadangaru da kwaɗin bishiya suka saba, kuma da harshe suke ɗebo ƙanshi su kai wata gaɓa a rufin baki. Bayan ya haɗiye, kwana biyu ba a ɗaukarsa, kada ya amayar.

Idan idonsa ya yi shuɗi-shuɗi, saɓa ta kusa. Sai a sa masa gansakuka mai danshi a maɓoya, in ya tuɓe a ware fatar a duba murfin ido biyu da ƙarshen wutsiya sun fita. Duk ana rubutawa: ranar ci, ranar saɓa, nauyinsa. A daji da wuya ya haura shekara 8, a hannun irin wannan mai kiwo yana iya wuce 20.