Ganin Wata Tsakanin Ido da Lissafi

Duk ranar 29 ga Sha'aban, haka ma 29 ga Ramadan, da rana ta faɗi sai ka ga mutane a fili ko a kan tudu sun zuba wa yamma ido. Wanda ya hango jinjirin wata sai ya kai magana ga mai unguwa ko dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya isar ga sarki, daga can a sanar da Sakkwato. Kwamitin Ganin Wata na Ƙasa da malaman fada su tantance rahotannin, sannan Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ya yi sanarwa. A cikin gidaje kuwa an jiƙa gero, an kasa kunne ga rediyo a ji ko za a tashi sahur. Tsari ne mai kyau ƙwarai, domin ya ɗora ibada a kan abin da makiyayi a daji zai iya yi ba tare da wata na'ura ba. Rauninsa shi ne ido na yin kuskure, kuma yau muna da hanyar gane lokacin da ya yi.

Daga haihuwar wata zuwa wata haihuwar, a matsakaici, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Haihuwar ita ce lokacin da wata ya shiga tsakanin duniya da rana, gefensa mai duhu na fuskantarmu. Sai ya ɗan yi nesa da rana kafin siririn haske ya bayyana a bakinsa. Wani masanin falaki ɗan Faransa, André Danjon, ya nuna tun a shekarun 1930 cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, jinjiri ba ya ganuwa. Mafi ƙanƙantar wata da aka tabbatar an gani da ido zalla yana da kimanin awa 15 da rabi da haihuwa. Dole kuma rana ta riga shi faɗuwa.

Mai shakkar wannan lissafi ya tuna 29 ga Maris, 2006, ranar da duhun kusufin rana ya rufe Gusau da Katsina da hantsi, inuwar ta tsallaka zuwa Nijar. An faɗi ranar da mintin tun shekaru kafin aukuwarsa, kuma kusufin rana ba komai ba ne illa haihuwar wata a bainar jama'a. Ranar Litinin 8 ga Afrilu, 2024, wato 29 ga Ramadan 1445, an yi irinsa a Amurka, aka haifi watan da ƙarfe 7:21 na dare agogon Nijeriya. Rana ta riga ta faɗi a Sakkwato da Yamai kafin wannan lokaci, wata kuma ya riga ta faɗuwa. Fadar Sarkin Musulmi ta ce a cika talatin, aka yi Sallah ranar Laraba. A Nijar an yi ta ranar Talata, wasu a Sakkwato suka bi su bisa labarin an ga wata a can. Ban ɗauki masu shaidar a matsayin maƙaryata ba. Amma abin da suka gani a daren nan ba jinjirin Shawwal ba ne, domin a lokacin yana ƙarƙashin ƙasa.

Masu ƙin lissafi suna da hujja, kuma mai nauyi ce. Hadisi ya rataya azumi da shan ruwa a kan gani, ya ce a cika talatin idan gajimare ya rufe. Imam al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1285, ya amsa tambayar da matasa ke yi yau, wato me ya sa muke sallar Azahar da agogo da jadawali amma ba ma azumi da su. Ya ce sababin salla shi ne shigar lokacin kansa, ta kowace hanya aka san shi, sababin azumi kuwa shari'a ta sanya shi ya zama ganin jinjirin. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, shi ma ya hana dogaro da maganar mai duban taurari.

Sai dai Khalil ɗin nan ya kawo wani hukunci da ba a cika ambatonsa a wa'azi ba. Idan adalai biyu suka ce sun ga wata, aka ƙirga kwana talatin, sama na garau amma ba a ga sabon wata ba, to an ƙaryata shaidarsu. Ashe tun asali fiƙihu bai ɗauki idon mai shaida a matsayin wahayi ba, yana auna shi da abin da sama ta nuna. A kan wannan turba Taƙiyuddin as-Subki, malamin Shafi'iyya da ya rasu a 1355, ya ce idan lissafi tabbatacce ya nuna gani ba zai yiwu ba, alƙali ya mayar da shaidar, domin ba a karɓar shaida a kan abin da ba ya yiwuwa. Ahmad Shakir, masanin hadisi na Masar, ya wuce nan a 1939, inda ya goyi bayan kafa wata da lissafi kai tsaye. Waɗannan malaman addini ne, ba ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje ba.

Dalilan kuskuren ido kuwa sanannu ne. Zara kan tsaya ƙasa-ƙasa a yamma tana ƙyalli cikin hazo. Guntun gajimare da hasken almuru ya taɓa kan lanƙwashe, haka ma farin layin da jirgin sama ya bari. Ga kuma zumuɗi, musamman bayan azumi 29 cikin zafin bazara. Shi ya sa tantancewa ta gaskiya ke bukatar tambayoyi: ina ƙahonnin suka fuskanta, yana dama ko hagu da inda rana ta faɗi, tsayinsa kamar gora nawa, da ƙarfe nawa ya ɓace? Mai lissafi ya san amsoshin tun kafin a tambaya.

Su ma 'yan boko masu yi wa malamai kallon 'yan baya suna wuce gona da iri. Lissafi na iya yanke cewa ba za a ga wata ba, amma ba ya iya rantsuwa cewa za a gan shi, domin wannan ya danganta da ƙura da gajimare da ƙarfin idon mai kallo. Masanan ma ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya ba. Taron Istanbul na 1978 ya sa sharaɗin tazarar digiri 8 da tsayin digiri 5, Indonesiya da Malesiya da maƙwabtansu kuma suna aiki da 6.4 da 3. Zaɓen ɗaya daga ciki hukunci ne na malamai.

Matsayar as-Subki ita ce ta dace da mu: a ci gaba da fita duban wata, a ƙi karɓar shaidar da lissafi ya tabbatar ba ta yiwuwa. Ina roƙon kwamitocin Nijeriya da Nijar su riƙa karanta wa jama'a lokacin haihuwar wata da faɗuwarsa a rediyo, da Hausa, kwana biyu kafin daren duba, a kuma aika wa kowane hakimi da dagaci kwafinsa tare da tambayoyin da zai yi wa mai shaida.