4.3 Sharhi a Kan Dogaron Manhajar Excel da Saitin Yanki Wajen Karanta Kwanan Wata

Kamar yadda aka nuna a babi na uku, manhajar Excel tana ajiye kwanan wata ne a matsayin lamba, wadda ƙirgenta ya fara daga 1 ga Janairu, 1900. Saitin yanki na kwamfuta shi ke gaya mata yadda za ta karanta abin da aka shigar, da yadda za ta nuna shi. Babu shakka wannan tsari yana da amfani, domin Ba'amurke zai ga wata kafin rana, mutumin Ingila ko Nijeriya kuma ya ga rana kafin wata, alhali lambar da ke ajiye ɗaya ce.

Sai dai a ra'ayin wannan nazari, raunin tsarin yana bayyana ne a lokacin shigar da bayani. Alal misali, idan ma'aikacin asibiti ya rubuta 03/04/2021 da nufin 3 ga Afrilu, a kwamfutar da ke kan saitin Amurka, manhajar za ta ɗauka 4 ga Maris yake nufi, ba tare da wani gargaɗi ba. Idan kuwa ya rubuta 25/04/2021, tun da babu wata na 25, sai ta bar shi a matsayin rubutu zalla wanda ba ya shiga lissafi. Ke nan a jeri guda, wasu ranaku sun juye, wasu kuma sun fita daga ƙirge. Illar ita ce, ido ba ya saurin kama kuskuren, don haka ranar rigakafin yaro ko ranar ritayar ma'aikaci tana iya gocewa da watanni. Matsalar ta fi tsananta a fayil nau'in CSV, domin ba ya ɗauke da bayanin yankin da aka rubuta shi.

Masu kare tsarin suna iya cewa laifin mai amfani ne da bai gyara saitinsa ba. Wannan hujja ba ta gamsar ba, ganin cewa manhajar ce ta yanke hukunci a inda ma'ana ta rabu biyu, maimakon ta yi tambaya.

Saboda haka, wannan nazari yana ganin ya kamata a raba ajiya da nuni. Wajen ajiya da musayar bayanai, a bi ƙa'idar ISO 8601 da aka fara fitarwa a 1988, wato shekara, wata, rana (2021-04-03). Saitin yanki kuwa a taƙaita aikinsa ga abin da mai karatu zai gani.