Tsiron dawa da kayan yaji: abin shan hunturu a ƙasar Birnin Gwari

Dawa ce ke rufe kaka. A Kuyello da ƙauyukan da ke bakin dajin Birnin Gwari, sai Nuwamba ya raba ko Disamba ya kama ake shigo da dammunanta gida, daidai lokacin da buji ya fara tashi, leɓe na tsagewa. Lokacin ne kuma hidimomi ke yawaita, tunda rumbu ya cika kuma manomi ya ga kuɗi: ɗaurin aure, tarewar amare, ga Kirsimeti a gidajen Kirista. Abin shan da za a fitar a waɗannan tarurruka, muddin na gargajiya ne, galibi daga tsiro yake farawa.

Aikin tsiro na mata ne, kuma ilimi ne da ya fi ƙarfin yadda muke kallonsa. Za a jiƙa dawa ta kwana, a tsame, a baza a kan buhu cikin inuwa, a lulluɓe, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana uku zuwa biyar ƙwaya ta fasa baki ta fito da saiwa. A wannan hali tana samar da wani sinadari mai mayar da garin cikinta sukari, don ta ciyar da shukar da ke shirin fitowa. Matar da ta kwashe ta shanya a rana ta katse aikin ne a tsakiya, ta adana wannan ƙarfi don tukunyarta. Hunturu yana taya ta, domin busasshiyar iskarsa kan ƙafar da tsiro kafin fumfuna ta kama shi, abin da ke ɓata shi da damina.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Mai kunun zaƙi za ta markaɗa jiƙaƙƙen gero ko dawa da citta, kanumfari, masoro da ɗan barkono, ta raba ƙullun gida biyu. Kaso mai yawa ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri. Ɗanyen kason, wanda aka haɗa da tsiro ko busasshen dankali, ba ya shiga sai zafi ya sauka. Nan gwaninta take. In ta yi gaggawa, zafi ya kashe tsiron, kunu ya fito salam. In ta bari ya huce sarai, tsiron ba zai yi aiki sosai ba. Da bayan hannu take auna wannan. Kafin gari ya waye kaurin ya saki, zaƙi ya fito ba tare da an jefa ko ƙwayar sukari ba, sai tacewa.

Ɗaya hanyar ita ce ta burukutu, wadda aka sani a wasu gidajen Gwari da Kamuku da Maguzawa da ba Musulmi ba, daga wannan yanki har cikin Jihar Neja. A nan tsiron ne jigon tukunya. Ana dafawa, a bari ya yi tsami, a sake dafawa, a zuba ragowar dahuwar baya, a bar shi kamar kwana biyu yana tsima har sukarin ya rikiɗe ya zama abin maye. Musulunci ya haramta wannan, kuma kowace mai kunu ta san inda iyakar take: kunun da ya daɗe har ya fara kumfa ba a miƙa wa baƙo, zubarwa ake yi.

Abin lura shi ne inda kayan yaji suka zauna. A Ingila da Beljiyam, giyar da ake tanada don sanyin Kirsimeti ita ake zuba wa citta da kirfa da kanumfari, kuma tun da Amurka ta halatta dafa giya a gida a 1978 masu sha'awa can suke gwada irin wannan haɗi a ɗakunan girkinsu. A ƙasar Hausa abin ya juya. Burukutu galibi ba ya ɗaukar yaji, yaji ya bi kunu: kunun zaƙi, koko, kunun tsamiya mai zafi da ake kurɓa da sanyin asuba. Duk ƙoƙarin gyara ɗanɗano da ɗumama ƙirji mun zuba shi ne a abin da yaro da tsoho da mai jego za su iya sha tare, kuma ina ganin wannan zaɓi ne mai kyau.

Masana'antu ma sun dawo kan wannan ilimi na tsiro. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje a 1988, kamfanonin Legas da Kaduna sun koma ga dawa, har da irin kaura mai lamba SK5912 na cibiyar binciken noma ta Samaru. Lemun malt na kwalba da ake rabawa yau a wurin walima ɗan'uwan kunun zaƙi ne na jini, amma ana sayensa da daraja, ana raina na ƙwarya.

Wannan rainin ne ke damuna. Tsiro yana cin kwanaki, sukari kuwa minti ɗaya ne, don haka yawancin kunun da ake ɗurawa a gorar roba a tasha zaƙinsa na sukari ne, wani ma na sakarin. Cutar da ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba a 2023 ta sa farashinta ya yi tashin gwauron zabo, masu kunu suka rage hannu. Sama da duka, shekarun 'yan bindiga sun raba iyalai da yawa na gabashin Birnin Gwari da gonakinsu. Matar da ke gudun hijira a gidan 'yan'uwa a Funtua ko Zariya, tana auno hatsi da kwano, ba za ta ware tiya guda don tsiro ba, kuma 'yarta ba ta ga yadda ake yi ba balle ta koya. Tun bayan sulhu da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 an fara komawa gona, dawa na dawowa rumbu, sai dai 'yan matan da suka tasa a waɗancan shekaru da kunun sukari suka saba.