Wa ke jera laƙabobi a takardun manhaja?

Masu rubuta manhaja sun daɗe da daina zama su rubuta littafin jagora da hannu. Suna barin bayani a jikin aikin nasu, wata manhajar ta bi ta tsinto shi ta haɗa shafuka. Haka Javadoc take yi wa harshen Java tun shekarun 1990, haka ma Swagger da Tony Tam ya fara a 2011, wadda daga baya tsarinta ya koma OpenAPI. A OpenAPI kowane aiki ana liƙa masa laƙabi, misali na rajista ko na biyan kuɗi, kuma laƙabobin ne kanun da mai karatu ke bi daga sama zuwa ƙasa. Wanne zai riga wanne, nan gizo ke saƙar.

Ƙa'idar OpenAPI ta bar ƙofa a buɗe. Laƙabobin da aka lissafa a saman takarda, ana iya bin jerinsu. Waɗanda ba a lissafa ba kuwa, kowace manhaja ta yi yadda ta ga dama da su. Ga shi ma'ajiyoyin da ake zuba su ciki ba duka ke riƙe jeri ba. HashMap na Java bai yi wa kowa alkawari ba. Harshen Go da gangan yake hargitsa jerin nasa, don kada a dogara da shi. Python sai a fitowa ta 3.7, a 2018, ta tabbatar da cewa dict zai dawo da abu yadda aka zuba shi, amma set har yau ba ruwansa, kuma tun 3.3 jerin kalmomin cikinsa na iya canzawa duk lokacin da aka tayar da manhaja. Sai a wayi gari Git, manhajar bin sauye-sauyen aiki, na nuna ɗaruruwan layuka sun motsa alhali ba wanda ya taɓa komai.

Maganin da aka fi sabawa da shi shi ne a ajiye kwafin takardar da aka yarda da ita, duk sabuwar da ta fito a gwada su kafaɗa da kafaɗa. Yana kama canji, babu shakka. Sai dai bai san dalilin jerin ba. In ranar da aka ɗauki kwafin laƙabin goge asusu ne ya faɗo sama da na buɗe shi, gwajin zai yi ta gadin wannan kuskure shekara da shekaru, in kuma ya cika ƙorafi a sabunta kwafin ba tare da an duba ba. Akwai wanda ya fi wannan muni: mai gwajin da ya gaji da faɗuwa, ya jera ɓangarorin biyu bisa haruffa kafin ya kwatanta. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba, domin abin da aka zo dubawa shi aka share.

A ganina gwajin kirki niyya yake bincika. A ba manhajar laƙabobi da gangan a jerin da ba na haruffa ba, don kada sa'a ta tsallakar da ita. A cusa wanda ba a lissafa ba, a faɗi tun farko inda ya kamata ya sauka. A Python a maimaita gwajin ana sauya PYTHONHASHSEED, saitin da ke juya jerin kalmomin cikin set. Mutanen Java sun huta a wani ɓangaren, tun da jagorar Oracle ta tsara laƙabobin Javadoc, @param kafin @return, sannan @throws, kuma manhajar Checkstyle na iya kama wanda ya saɓa tun kafin a fitar da shafi.

Masu fakewa da jerin haruffa, kamar zaɓin tagsSorter na Swagger UI, su ma da sauran aiki a gabansu. In manhaja ta bi lambobin Unicode zalla, babban Z zai riga ƙaramin a, laƙabin da ya fara da ƙ, ɓ ko ɗ kuma ya faɗa bayan z. CLDR, taskar bayanan harsuna ta Unicode, tana da tsarin Hausa da ke ajiye ɓ bayan b, ƙ bayan k, amma sai an umarci manhaja ta yi amfani da shi, gwajin kuma ya ƙunshi irin waɗannan haruffan.