Tsokaci Kan Koyar da Tarawa da Ɗebewa a Firamaren Garwa

Abin da zan yi suka a kai shi ne yadda ake fara koya wa yara lissafi a makarantun Garwa, a arewacin Kamaru. Yaro yakan shiga ajin SIL, wato ajin farko, da Fulatanci ko Hausa a bakinsa, sai a sa shi haddar tarawa da Faransanci, kamar bai taɓa ƙidaya ba.

Alhali dabarar tana cikin harshensa. A Fulatancin yankin, shida joweego ce, bakwai joweeɗiɗi, takwas joweetati, wato biyar da ɗaya, biyar da biyu, biyar da uku. In aka nusar da yaro wannan, aka ba shi 7 + 8, zai haɗa biyar-biyar ɗin su zama goma, ya ƙara biyu da uku, ya sami 15. Hausa kuwa ɗebewa take koyarwa: 19 ashirin ba ɗaya ce, 18 ashirin ba biyu. Ke nan 45 − 19 ba wuya: a cire ashirin, a mayar da ɗaya, saura 26. Kalmar onze ta Faransanci ba ta nuna wa yaro goma a cikinta, amma goma sha ɗaya tana nunawa.

Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta ambaci bunƙasa harsunan ƙasa, sai dai a yawancin azuzuwa da Faransanci ake lissafi. Mu malaman Hausa ma da laifinmu, domin mukan koyar da goma sha tara, mu tsallake ashirin ba ɗaya wai tsohuwar Hausa ce.